Fim Ɗin da Masu Sharhi Suka Yaba ko Wanda Kasuwa Ta Karɓa: Wanne Ya Kamata a Kalla?

A watan Maris na shekarar 2010, lokacin da aka raba kyaututtukan Oscar a birnin Los Angeles na Amurka, fina-finai biyu ne suka fi ɗaukar hankalin jama'a, kuma kowannensu ya shiga zauren yana takarar kyauta 9. Na farko shi ne Avatar na James Cameron, wanda a lokacin ya riga ya zarce duk wani fim da aka taɓa yi wajen kawo kuɗi, domin cinikin tikitinsa ya haura dala biliyan 2. Na biyu shi ne The Hurt Locker na Kathryn Bigelow, labarin sojojin da ke kwance bama-bamai a Iraƙi, wanda duk abin da ya tara a gidajen sinima na duniya bai kai dala miliyan 50 ba. Da aka kammala bikin, ƙaramin fim ɗin ne ya tafi da kyauta 6, har da ta fim mafi kyau da ta darakta, shi kuwa Avatar ya tsira da 3, dukkansu a fannin ɗaukar hoto da ƙawata fage da dabarun kwamfuta.

Ana yawan kawo wannan karon batta a matsayin hujja cewa masana fim da sauran jama'a ba sa ga maciji da juna, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafi duk wanda ya taɓa zama da waya ko rimot a hannu yana neman abin kallo. Mutum ya keɓe awa biyu ko uku, yana da kuɗin tikiti ko na data da ba ya son su tafi a banza, ga kuma sunaye biyu a gabansa, ɗaya an ce ya ci kyaututtuka, ɗaya an ce duniya duka ta kalle shi. A ganina, kafin a ce wanne ya fi, dole ne a san abin da kowane ma'auni yake aunawa, domin yawan kuɗi da yawan yabo amsoshi ne na tambayoyi biyu mabambanta, kuma ba a ƙirƙiri ko ɗaya daga cikinsu don ya zaɓa wa mutum guda abin da zai kalla da daddare ba.

Bari mu fara da kuɗi, tun da shi ne ya fi sauƙin ƙirgawa, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane. Adadin da jaridu ke bugawa jimillar kuɗin tikitin da aka sayar ne, ba ribar masu fim ba, domin gidajen sinima suna riƙe kusan rabinsa, sannan ga kuɗin talla wanda a manyan fina-finan Amurka yakan kai dala miliyan 100 ko ma fiye. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai zaɓe shi ne cewa ana sayen tikiti ne kafin a ga fim, ba bayan an gani ba. Saboda haka cinikin makon farko shaida ce a kan ƙarfin talla da sunan jarumai da ƙaunar da jama'a suke yi wa kashin da ya gabata, bai kuma faɗi komai a kan ko waɗanda suka shiga sun fito da gamsuwa ba. Avengers: Endgame ya tara fiye da dala biliyan 1.2 a kwanakinsa na farko a 2019, kuma babu shakka yawancin waɗanda suka yi layi sun zo ne saboda fina-finai 21 da suka gabace shi a jerin, waɗanda suka shafe shekara 11 suna bin labarinsu.

Wannan tsari na fitar da fim a ko'ina a rana ɗaya ba tun asali yake ba. A da, babban fim yakan fara ne a ƴan gidajen sinima na manyan birane, sannan ya bazu a hankali gwargwadon yadda labarinsa ke tafiya a bakin mutane. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, wanda aka buɗe a sinimomi fiye da 400 a lokaci guda a 1975 tare da talla mai yawa a talabijin, yana cikin waɗanda suka nuna wa kamfanoni cewa ana iya kwashe kuɗi da wuri, kuma a yau babban fim yakan buɗe a sinimomi fiye da 4,000 a Amurka kaɗai. Idan mutum ya ga cincirindo a gaban wata rumfa ranar kasuwa, zai yiwu kayanta ne masu kyau, zai kuma yiwu ita ce rumfar da ke bakin ƙofa, wadda kowa sai ya bi ta gabanta. Ƙaramin fim da aka ba shi allo 200 ba zai taɓa gogayya da wanda aka ba 4,000 ba, ko da kuwa duk wanda ya gan shi ya yaba.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da ke kumbura alƙaluma. Na farko shi ne hauhawar farashi, domin tikitin yau ya ninka na shekarun baya sau da yawa, shi ya sa idan aka daidaita lissafi da darajar kuɗi, Gone with the Wind na 1939 ne har yanzu yake kan gaba, ba Avatar ba. Na biyu shi ne cewa fim mai yawan faɗa da fashe-fashe ya fi sauƙin tsallake iyakar harshe, tun da ba a buƙatar fassara kafin a fahimci gini yana rushewa. Fim ɗin da ya fi kowanne ciniki a duniya a 2014 shi ne Transformers: Age of Extinction, da dala biliyan 1.1, kuma abin da ya samu a ƙasar Sin ya fi abin da ya samu a Amurka, alhali ko kashi ɗaya cikin biyar na masu sharhi bai yaba masa ba.

Sai dai a cikin alƙaluman kasuwa akwai guda ɗaya da nake ganin ya cancanci a amince da shi, wato yadda fim ya riƙe jama'a bayan makon farko. Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166 a Amurka a 2016, amma a ƙarshen mako na biyu cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 69 cikin 100, ma'ana waɗanda suka fara gani sun koma gida sun hana ƴan'uwansu zuwa. Titanic kuwa ya buɗe da ƙasa da dala miliyan 30 a Disamban 1997, sannan ya zauna a matsayi na ɗaya mako 15 a jere, saboda mutane suna komawa suna kuma jan wasu. Talla tana iya cika sinima ranar Juma'ar farko, amma ba ta iya cika ta a wata na uku, wannan aikin bakin waɗanda suka gani ne.

Idan aka juya ga yabo, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki masu yabon a matsayin ƙungiya ɗaya mai murya ɗaya. Masu kaɗa ƙuri'ar Oscar, waɗanda yawansu ya kai kusan 10,000, ba masu sharhi ba ne, ma'aikatan masana'antar ne, ƴan wasa da daraktoci da marubuta da masu ɗaukar hoto, kuma kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi wajen neman ƙuri'unsu kamar yadda ake yaƙin neman zaɓe. A bikin Cannes na Faransa kuwa, alƙalai kimanin tara ne suke zama su yanke hukunci, don haka kyautar tana nuna ɗanɗanon mutanen da aka zaɓa a shekarar. Sannan akwai masu sharhi na jaridu da mujallu, waɗanda aikinsu ke nan, kuma su ne shafin Rotten Tomatoes yake tattara ra'ayinsu. Ya kamata a fahimci yadda ake karanta makin wannan shafi: idan aka ce fim ya samu kashi 90, ba ana nufin kyawunsa ya kai 90 cikin 100 ba ne, ana nufin tara daga cikin kowane masu sharhi goma sun ga ya fi ƙarfin a kushe shi. Ta haka fim mai matsakaicin kyau da bai ɓata wa kowa rai ba yakan samu maki mai yawa, wanda kuma ya zo da sabon salo ya raba kan mutane, wasu suka so shi matuƙa wasu suka ƙi shi, sai ya tsaya a kusa da 60.

Dalilin da ya sa ɗanɗanon mai sharhi yake bambanta da na sauran jama'a ba ya buƙatar a zargi kowa da girman kai ko da jahilci. Mai sharhi yana kallon ɗaruruwan fina-finai a shekara, mutumin da ke da wata sana'a kuwa ƙila ya shiga sinima sau uku ko huɗu. Abin da mai sharhi ya gani sau hamsin har ya gundure shi, irin su jarumin da aka kashe wa iyali ya tashi ɗaukar fansa, ko motar da ta tsallake gada a daƙiƙar ƙarshe, ga wancan sabo ne ko kuma tsohon abu ne da yake marmari. Don haka mai sharhi yakan ba da lada ga abin da bai taɓa gani ba, mai kallo kuma yakan ba da kuɗinsa ga abin da ya tabbata zai samu. Idan wannan neman sabon abu ya yi nisa, yakan kai inda yawancin mutane ba za su iya bi ba. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya, wadda ke tambayar masana duk bayan shekara goma tun 1952 wane fim ne ya fi kowanne, ta ɗora Jeanne Dielman na Chantal Akerman a kan gaba a 2022, bisa ƙuri'un mutum fiye da 1,600. Fim ne na 1975 da ya haura awa uku, kuma mafi yawansa yana nuna wata bazawara a birnin Brussels tana girki da shara da fere dankali. Akwai hikima a cikin wannan tsari, domin daraktar tana so mai kallo ya ji nauyin kwanakin matar a jikinsa, amma wanda ya dawo daga aiki a gajiye aka ce masa ga fim mafi kyau a tarihi, ba zai kai rabin awa ba zai kashe, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Kowane ɓangare ya taɓa yin kuskure mai girma, kuma waɗannan kurakurai sun fi nasarorin koyarwa. Masu kallo a ƙasar Hausa, waɗanda suka tashi da fina-finan Indiya tun zamanin sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, sun san Sholay. Da aka fitar da shi a watan Agustan 1975, masu sharhi da dama sun kushe shi, cinikinsa ma ya fara da sanyi, amma jama'a suka riƙa komawa har ya shafe shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. A bikin kyaututtukan mujallar Filmfare ta Indiya na lokacin kyauta ɗaya tak ya samu, ta haɗa hotuna, sai ga shi a 2005 mujallar ta ba shi lambar fim mafi kyau na shekaru 50. A nan jama'a ne suka riga masana gani. Akasin haka ya faru da Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt a 1959, wanda kasuwa ta yi watsi da shi har mai shi bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukan sinimar Indiya. A Amurka, The Shawshank Redemption ya ci dala miliyan 25 wajen shiryawa, ya tara kusan miliyan 16 kawai a fitowarsa ta farko a 1994, ya yi takarar Oscar 7 bai samu ko ɗaya ba, sannan kaset ɗin haya da maimaici a talabijin suka kai shi gidajen mutane, har ya daɗe yana kan gaba a jerin da masu amfani da shafin IMDb suke zaɓa. Citizen Kane, wanda ya riƙe matsayi na ɗaya a ƙuri'ar Sight and Sound daga 1962 zuwa 2002, bai mayar da kuɗinsa ba a 1941, kuma bai ci kyautar fim mafi kyau ba.

Abin lura a waɗannan misalai shi ne cewa ba kasuwa ce ta gyara kuskuren masana a kowane lokaci ba, ba kuma masana ne suka gyara na kasuwa a kowane lokaci ba. Shekaru ne suka tace. Wannan yana da amfani kai tsaye ga mai zaɓe. Idan fim ya wuce shekara goma kuma har yanzu ana ambatonsa, to ya tsallake siraɗin da talla ba ta iya saya, ko da wace ƙofa ya shigo. Idan kuwa na bana ne, to kuɗinsa da kyautarsa duka hukunci ne na wucin gadi.

To, me mutum zai sa ran samu daga kowane iri idan ya zauna kallo? Fim ɗin kasuwa ya yi alƙawarin labari bayyananne, jarumi da mugu da aka san kowa da matsayinsa, tafiya mai sauri wadda ba ta barin hankali ya gudu, da ƙarshe mai sanyaya rai. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin riƙe hankalin miliyoyin mutane masu harsuna da al'adu daban-daban na tsawon awa biyu gwaninta ce ta gaske, kuma yabon gwani ya zama dole. Rauninsa shi ne sau da yawa mutum yakan san ƙarshen tun daga minti ashirin na farko, wani lokaci ana buƙatar ya riga ya kalli kashi uku ko huɗu kafin ya gane wane ne wane, kuma bayan mako guda abin da ya rage a ƙwaƙwalwa bai taka kara ya karya ba. Fim ɗin da masana suka yaba kuwa ƙarfinsa yana cikin wasan kwaikwayo da rubutun zance da yadda yake barin mai kallo ya yanke hukunci da kansa, ga mutanen da ba a iya cewa nagari ne ko miyagu kai tsaye. Farashinsa shi ne haƙuri, domin yakan tafi a hankali, yakan ƙare ba tare da an ɗaure kowane zare ba, kuma sau da yawa yana barin zuciya da nauyi. Akwai kuma daga cikinsu waɗanda jinkirinsu ba hikima ba ce, rashin abin faɗa ne aka lulluɓe da kyawun hoto, kuma kyauta ba ta wanke su daga wannan.

Wurin kallo yana canja lissafin fiye da yadda ake zato. Avatar an gina shi ne domin babban allo da tabarau na musamman da sauti mai girgiza kujera, kuma idan aka matse shi cikin allon waya, abin da ya sa aka biya biliyoyin ya tafi, sai labarin kaɗai ya rage, wanda ko masoyansa ba su ce shi ne ƙarfinsa ba. Fim ɗin da ya dogara ga fuskokin ƴan wasa da abin da suke faɗa kuwa ba ya asarar abu mai yawa a waya, in dai akwai abin sawa a kunne da wurin da babu hayaniya. Saboda haka idan kuɗin tikitin sinima ɗaya mutum yake da shi, shawarata ita ce ya kashe shi a kan fim ɗin kasuwa mai girman hoto, ya ajiye mai kyaututtukan ya kalla a gida. Batun harshe ma yana nan. Fassarar baki da ake yi wa fina-finan waje zuwa Hausa ta fi dacewa da na faɗa da na soyayya, inda mai fassara ke da damar ƙara gishiri ba tare da ya ɓata komai ba, amma fim ɗin da ma'anarsa take cikin shiru da kalma ɗaya da aka faɗa a hankali yakan lalace idan aka cika shi da barkwanci. Irin wannan gara a kalle shi da muryoyinsa na asali, a bi fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo.

Ga mai iyali akwai wata tambaya da ta riga duk waɗannan, wato da wa za a kalla. Kamfanonin da suka zuba ɗaruruwan miliyoyi suna son yara da matasa su shiga, don haka yawancin fina-finan da suka fi ciniki suna tsayawa a rukunin da Amurkawa ke yi wa alamar PG-13, wato wanda ake jan hankalin iyaye a kansa game da yara ƴan ƙasa da shekara 13, ko ƙasa da haka. Masu neman kyauta ba su da wannan takunkumi, kuma da yawa daga cikinsu na manya ne zalla. Anora, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 2024 da Oscar ta fim mafi kyau a 2025, ba abin da za a kunna a falo gaban yara ko surukai ba ne, haka ma Oppenheimer yana da fage da ba su dace da zaman iyali ba duk da cewa labarin masanin kimiyya ne. Sai dai kada alamar shekaru ta sa a saki jiki, domin ma'aunin masu ba da ita ba namu ba ne, kuma Titanic da kansa, mai alamar PG-13, yana da wurin da iyaye da yawa suke tsallakewa. Kyauta ba ta auna tarbiyya, ciniki ma haka, don haka wannan binciken yana wuyan mai gida ne.

Idan aka dawo gida, rabuwar tana nan, amma da wata siffa. A Najeriya, A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disamban 2023, shi ne fim ɗin ƙasar na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima. Amma sinimomin da ake ƙirga cinikinsu sun taru ne a Legas da Abuja da wasu manyan birane, kuma miliyoyin masu kallo a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ba sa cikin lissafin, tun da su a waya da talabijin suke kallo. Ma'aunin farin jini a Kannywood a da shi ne yawan kaset da faifan da aka sayar, yau kuma yawan masu kallon shiri a YouTube ne. A ɗaya ɓangaren akwai fina-finan da suka ɗauko labarinmu suka samu yabo a waje, amma kaɗan daga cikinmu suka gan su. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a jihar Taraba kuma mafi yawan zancensa da Hausa ne, ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin kyaututtukan fina-finan Afirka na AMAA a 2020, Najeriya kuma ta tura shi takarar Oscar. Tun kafin nan, Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka a gaban rundunar Faransa a 1899, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu a 1987, kyautar da Oumarou Ganda ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta a 1972. A nan ƙarancin masu kallo bai nuna jama'a sun gani sun ƙi ba, fina-finan ne ba su iso inda jama'a suke ba. Wanda ya samu damar ganin irin waɗannan, ina ganin ya fifita su a kan kowane sabon kashi na jaruman Amurka, domin na biyun ba zai ɓace ba, na farkon kuwa samunsa sai an dace.

Ga wanda bai saba da fina-finan kyauta ba kuma yana son ya gwada, hanya mafi sauƙi ita ce ya fara da waɗanda ɓangarorin biyu suka haɗu a kansu, kuma suna da yawa fiye da yadda masu gardama ke nunawa. Titanic ya ci Oscar 11, kuma shi ne fim na farko da ya haura dala biliyan 1. The Return of the King ya maimaita adadin kyaututtukan a 2004 bayan ya tara fiye da biliyan 1. Oppenheimer, fim na awa uku da mafi yawansa zance ne a ɗakunan taro, ya tara fiye da dala miliyan 900 a 2023 sannan ya ci Oscar 7. Parasite na Bong Joon-ho, wanda shi ne fim na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya ci kyautar fim mafi kyau, ya sayar da tikiti fiye da miliyan 10 a Koriya ta Kudu, kuma labarinsa na iyalin talakawa da suka kutsa gidan attajiri ɗaya bayan ɗaya abu ne da kowane mai kallo zai bi ba tare da wahala ba, sai dai shi ma na manya ne. Idan masana da kasuwa suka yarda a kan fim ɗaya, da wuya a yi nadamar lokacin da aka ba shi.

Inda suka saɓa kuwa, zaɓin ya koma ga halin da mutum yake ciki. Wanda ya gaji, ko yana tare da abokai, ko yana son abin da zai ɗauke masa hankali daga damuwar yini, fim ɗin kasuwa ne nasa, kuma babu abin kunya a ciki. Wanda yake shi kaɗai, hankalinsa a kwance, yana son abin da zai tauna kwana biyu, ya nemi wanda masana suka yaba, amma kada ya tsaya a kan maki. Ya karanta sharhi biyu, ɗaya na wanda ya yaba da ɗaya na wanda ya kushe, ya duba dalilansu, domin sau da yawa abin da mai kushe ya kira jinkiri shi ne abin da wani yake nema, abin da mai yabo ya kira jarumta kuma shi ne abin da wani ba zai iya jurewa ba. Makin da ƴan kallo ke bayarwa a intanet yana taimakawa, sai dai ana iya yi masa taron dangi, har ta kai Rotten Tomatoes ya fito da tsarin tantance waɗanda suka sayi tikiti a 2019 bayan an riƙa zuba wa wasu fina-finai maki mara kyau tun kafin su fito.

Game da duk wani sabon fim da ake ta kururutawa a makon fitowarsa, jira ya fi gaggawa riba. Bayan kwana goma za a ga ko cinikinsa ya riƙe ko ya rushe, sharhin da aka rubuta cikin natsuwa zai fito, kuma za a samu wani a cikin abokai da ya gani wanda aka san ɗanɗanonsa. Jiran ma ya yi sauƙi a yanzu, domin kafin annobar korona ta 2020 fim yakan shafe kusan kwana 90 a sinima kafin a sake shi don kallon gida, yanzu kuwa manyan kamfanoni da dama sun rage wa'adin zuwa kusan kwana 45, wasu ma ƙasa da haka.